Yadda ake ƙarfafa bodin ƙaramar motar tsere ba tare da an kashe mata gudu ba

Tambaya: Na shiga wani kulob na masu tseren ƙananan motocin lantarki a garin da nake aiki a Ingila, irin motocin nan da ke bin tsaga a kan titin roba ko na katako. Tawa mai girman 1/32 ce, wato kashi ɗaya cikin 32 na girman motar gaske. A fita uku kacal fiffiken baya ya ɓalle, madubi ɗaya ya ɓata, ɗaya daga cikin turakun da sukuru ke shiga kuma ya tsage. Wani ya ba ni shawarar in shafe cikin bodin gaba ɗaya da gam mai ƙarfi. Hakan daidai ne? Ina kuma da niyyar gwada manyan nan na 1/24 masu bodin Lexan.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya, kuma don Allah ka dakata da wannan shawarar tukuna. Wanda ya ba ka ita alheri yake nufi, amma idan ka bi ta za ka yi gyaran gangar Auzinawa. Bodin motar 1/32 ta tsere yawanci bai wuce giram 15 zuwa 25 ba, motar duka kuma tana tsakanin giram 70 da 90. Ka zuba gam na giram biyar a ƙarƙashin rufi da bonet, ka ɗora nauyi ke nan a wuri mafi tsawo a jikin motar. A kwanar farko za ka ji bambancin a yatsanka: motar za ta riƙa ɗaga ƙafa, harshen da ke cikin tsaga ya fita, ta kife. Wato ka ƙara mata yawan haɗari da hannunka, kuma kowane haɗari zai zo da nauyi fiye da na da. Sannan gam ɗin da ya bushe ya yi tauri kamar dutse ba ya shanye duka. Miƙa shi yake yi zuwa wurin da ya fi rauni, wanda kusan kullum shi ne gindin turken sukuru.

Abin da na koya a shekarun da na yi a gefen titi shi ne, bodi ba ya karyewa ko'ina. Wurare uku ko huɗu ne ke cin wuya, kuma kowanne da irin maganinsa. Akwai wanda ake ɗaure shi tamau, akwai wanda ake barin shi ya lanƙwasa, akwai ma wanda gara ya ɓalle da kansa ya bar sauran lafiya.

Kafin ka buɗe kowane gam, ka san irin robar da ke hannunka. Da Fred Francis ya fito da Scalextric a 1957, motocin farko na kwano ne, sai a 1960 aka koma roba. Yau motocin 1/32 na Scalextric, Carrera, Slot.it da NSR duk roba mai tauri ce da aka zuba a maƙera, galibi dangin ABS. Akwai kuma bodin da ƙananan masu sana'a ke zubawa da hannu daga rezin, wanda ke da kyan gani amma yana fashewa kamar tangaran. Na ukun shi ne Lexan, wato sunan kasuwa na robar folikabonet, wadda ake dumama falle sirara a zuƙe ta a kan siffar mota. Gam ɗin da ya dace da ɗaya yana iya hallaka ɗayan. Asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce, yana narkar da ABS har ya haɗe tsaga kamar walda, amma ɗigo ɗaya a kan Lexan ya isa ya ɓata shi. A kan rezin kuwa gam mai narkar da roba ba ya kama komai.

Mu fara da turaku, don su ne suka fi muhimmanci, kuma a nan zan daɗe.

Turke ɗan bututun roba ne da ya sauko daga cikin bodi, sukuru mai kaurin kusan milimita 2 yana shiga cikinsa daga ƙasan shasi. Duk lokacin da hancin motar ya daki bango, shasi mai ɗauke da inji da tayoyi yana son ya ci gaba da tafiya, bodi kuwa ya tsaya. Wannan fizgar duka a kan turakun take sauka. Suna lalacewa ta hanya biyu: ko su tsage a tsaye daga baki, ko su ɓalle daga gindi. Tsagewar baki sau da yawa ma ba haɗari ke kawo ta ba, sukudireba ce. Sukurun da ke yanka wa kansa zare, idan ka mayar da shi ba a kan tsohon zarensa ba, sabon zare zai yanka, ya buɗa robar. Ka yi haka sau biyar, turke ya tsage. Saboda haka duk lokacin da za ka ɗaura, ka fara juya sukurun baya a hankali har ka ji ya ɗan faɗa, alamar ya sami tsohuwar hanyarsa, sannan ka juya gaba. Wannan ɗabi'ar kaɗai ta ceci turaku fiye da kowane gam da na sani.

Gyaran da na fi amincewa da shi shi ne sa wa turke riga. Ka auna kaurinsa, ka nemi siririn bututun tagulla ko na alminiyam da zai shige shi daidai, ba matsi ba sako-sako. Shagunan kayan ƙere-ƙere a can suna sayar da irin na kamfanin K&S masu kauri iri-iri. Ka yanka guntu wanda tsawonsa ya ɗan gaza na turken, ko da rabin milimita ne. Wannan ragin yana da muhimmanci, domin idan ƙarfen ya zarce bakin turke, shi zai zauna a kan shasi, tsayin bodi ya canza, motar ta karkace. Ka goge bakin yankan da samfefa, ka ɗan kankare jikin turken don gam ya sami abin kamawa, ka wanke wurin da ruwan sabulu ya bushe sarai. Cikin motar da ta yi tsere ba ya rasa mai da ƙurar taya, kuma gam ba ya kama maiƙo. Daga nan ka haɗa gam mai kwalba biyu irin Araldite, ka shafa kaɗan da tsinken sakace, ka zura rigar. Idan turken ya riga ya tsage, rigar za ta matse tsagar ta rufe. Ka kula kada gam ya shiga ramin sukuru.

Ka zaɓi mai jinkirin bushewa, na minti 30 ko fiye. Na minti 5 yana da daɗin aiki, amma bai kai wancan kamawa ba, kuma ba ya ba ka lokacin daidaita abu. Da ragowar da ke kan tsinke ka zagaye gindin turken, inda ya haɗu da bodi, ka yi masa ɗan gangare kamar yadda magini ke yi wa gindin katanga. Kusurwa mai kaifi ita ke tara ƙarfin duka a wuri ɗaya, gangaren kuwa yana baza shi. Turaku uku ko huɗu da aka yi wa haka ba za su ƙara maka abin da ya wuce giram ɗaya ko ɗaya da rabi ba, idan hannunka bai yi nauyi ba.

In ba ka sami bututu ba, ka naɗe turken da zaren nailan mai ƙarfi, zagaye kusa da zagaye, ka ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa ya jiƙe zaren. Yana aiki sosai. Sai dai ka guji zaren auduga da yawa, domin sufa gulu yana ɗaukar zafi idan ya haɗu da auduga. Kuma ka cire gilasan motar kafin ka fara, ko ka bar bodin a buɗe a wuri mai iska. Tururin sufa gulu yana barin farin hazo a kan roba mai haske, kuma da wuya ya goge.

Akwai kuskure ɗaya da na yi da kaina, wanda har yau yake yi mini ciwo. A tseren 1/32 ana sassauta sukurun bodi kaɗan, kamar rabin juyi, don bodi ya riƙa ɗan motsi a kan shasi. Hakan na sa motar ta zauna lafiya a kwana, kuma yana rage dukan da ke isa turaku. Matsalar ita ce sukuru mai sassauci yana kwancewa ya faɗi a kan titi. Sai na ɗauko ruwan nan shuɗi da makanikai ke ɗigawa a kan noti don kada ya kwance, na ɗiga a sukuran wata mota da nake ji da ita. Kwana biyu bayan nan na buɗe akwati na tarar turakun sun farfashe, suna marmashewa a hannu. Wannan ruwan don ƙarfe da ƙarfe aka yi shi, yana cin ABS. Kada ka kusantar da shi da motarka. Abin da ake yi shi ne a manna ɗan guntun salatif a kan ramin sukuru daga ƙasan shasi, ko sukurun ya kwance ba zai faɗi ba. Idan zaren cikin turke ya cinye, ka shafa sufa gulu kaɗan a bangon ramin da tsinke, ka bari ya bushe ƙarau har kwana guda, sannan ka mayar da sukuru ya yanka sabon zare. Akwai kuma sukurori na musamman masu santsin wuya da kamfanonin kayan tsere ke sayarwa, waɗanda ke barin shasi ya motsa ba tare da zare ya ci shi ba.

Fiffike kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Suna ganin ya ɓalle, sai su kafe shi da gam mafi tauri. A haɗari na gaba fiffiken ba zai ɓalle daga mazauninsa ba, ƙafafunsa za su karye a tsakiya, ko ya tafi da guntun bodin baya. Garin neman gira an rasa ido. Fiffike abu ne da ya fito waje, ba yadda za a yi ya fi bango ƙarfi. Ni ina manna shi da gam mai taushi wanda ko ya bushe yana miƙewa kamar danƙo, irin Shoe Goo ko E6000, ɗigo kaɗan daga ciki inda ƙafafun suka ratsa bodi. Idan motar ta kife, fiffiken ya ɗan kwanta ya dawo. Idan dukan ya yi yawa, ya fita ɗungurungum, ka tsince shi ka mayar. Ka fara gwada gam ɗin a wani lungu da ba a gani, saboda sinadarin da ke cikinsa yana iya taɓa fenti ko ya tausasa siririyar roba idan an cika shi. Ka yi aikin kusa da taga, warinsa ba na shaƙa ba ne.

Wasu kamfanoni, Slot.it na cikinsu, suna sayar da fiffike da madubai na roba mai lanƙwasa don tsere. Idan akwai na motarka, ka saya, ka ajiye na asali a akwati. Madubi ba ya buƙatar dogon bayani: ko ka sa na roba mai taushi, ko ka cire shi kafin tsere idan dokar kulob ta yarda. Ka tambayi dokar tun kafin ka taɓa komai. Kulob da yawa suna da ƙa'ida a kan mafi ƙarancin nauyin bodi, da abin da aka yarda a ƙara ko a cire, wasu kuma suna sharɗanta mota ta fara tsere da fiffikenta.

Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba: fiffike da yawa ba bango ke karya su ba, hannun mai mayar da mota kan tsaga ne. Mutum yana sauri, motoci na zuwa, sai ya cafko ta ta baya. Idan juyinka ya zo na tsayawa a kwana, ka kama motar mutane ta gefe biyu, wajen ƙofofi, yadda kake so a kama taka.

Sai hanci da bamba. Idan motarka irin ta Le Mans ce ko GT mai siririn leɓe a gaba, ka yanka ɗan ƙyallen zaren gilashi mafi sirara, ko ragar nan da masu filasta ke liƙawa a mahaɗar allon bango, faɗin farcen yatsa, ka shimfiɗa ta cikin hancin, ka shafe da gam kaɗan har ya ratsa ragar. Ƙarfin daga zaren yake fitowa, gam ɗin riƙe shi kawai yake yi, saboda haka duk wanda ya taru a sama nauyi ne na banza, ka kwashe shi. Wannan wurin yana ƙasa, nauyinsa ba ya cutar da motar kamar na rufi. Ka tabbata dai bai taɓa harshen tsaga ko wayoyinsa ba, kuma tayoyin gaba suna juyawa. Bodin rezin shi ne kaɗai nake yarda a shimfiɗa masa irin wannan ƙyallen a wuri mai faɗi, a hanci da kewayen tayoyi da ginshiƙan gilashi, domin shi ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Gaskiya ma, in rezin ɗin mai tsada ne, ban ga dalilin kai shi tseren da sababbin hannu suka yi yawa ba.

Idan tsaga ta riga ta bayyana a jikin ABS, ka haɗa bakinta daidai, ka ɗiga siririn gam mai narkar da roba daga ciki da ɗan buroshi, ka riƙe minti biyu, ka bari ta kwana. Daga baya ka sa ɗan facin raga a bayanta. Kada ruwan ya zarce waje, zai ci fentin.

Yanzu Lexan. Idan ka koma 1/24 ka shiga wata duniya. Waɗannan bodin ana auna kaurinsu da inci: 0.005, 0.007, 0.010, wato daga kusan milimita 0.13 zuwa 0.25. Sirantarsu kamar ta takarda mai kauri ce. Folikabonet roba ce mai jure duka ƙwarai, shi ya sa ta samu karɓuwa a manyan titunan tseren ƙananan motoci na kasuwanci irin na Amurka, inda motoci mafiya gudu ke zagaye titin da ake kira King mai tsawon ƙafa 155 a ƙasa da sakan 2. A irin wannan gudun bodi mai tauri ba zai kai ƙarshen zagaye ba. Lexan lanƙwasawa yake ya dawo. Rauninsa ɗaya ne: yagewa. Da zarar ya sami ɗan tsini a baki, daga nan zai fara, ya bi ta har sama.

Saboda haka ƙarfafa Lexan tun daga almakashi yake farawa. Idan kana yanke kewayen taya, kada ka bar kusurwa ko ɗan tsagi inda almakashi ya tsaya ya sake farawa. Ka naɗa samfefa mai laushi a jikin alƙalami ka goge kewayen har ya zama santsi. Fenti daga ciki ake yi, kuma sai da wanda aka yi don folikabonet, irin Tamiya PS, domin fenti na gama-gari yana ɓarewa da zarar bodi ya lanƙwasa. Ka bari ya bushe sosai kafin ka liƙa komai a kansa.

Ana riƙe irin wannan bodin da allurai huɗu da ke ratsa gefensa su shiga bututun shasi. Ramukan alluran nan su ke fara buɗewa, bodi ya riƙa rawa, ya sauko ya taɓa taya ko titi. Maganinsu salatif mai zare a ciki, irin wanda ake ɗaure kwali da shi. Ka liƙa guntu a ciki daidai inda allura za ta ratsa, kafin ka huda. Huda ta biyo bayan liƙi, don allurar ta ratsa tsakanin zaruruwan su riƙe ta. Shagunan tsere suna sayar da 'yan faci na musamman masu gam a baya don wannan aikin, ana iya sa ɗaya ciki ɗaya waje. Sai siririn layin salatif ɗin a cikin hanci daga gefe zuwa gefe, da 'yan guntaye a saman kewayen tayoyin gaba da kusurwoyin baya. Rufi ka bar shi yadda yake. Sufa gulu kuma kada ya taɓa Lexan, yana sa shi ya yi gautsi ya tsattsage. Idan yagewa ta fara, ka huda ɗan ƙaramin rami zagayayye a daidai ƙarshenta don ta tsaya, ka liƙa salatif ta ciki, zarensa ya gitta yagewar.

Ka sa a ranka cewa bodin Lexan abin ƙarewa ne kamar taya. Masu tsere da gaske suna riƙe biyu ko uku: tsoho mai faci don gwaji, sabo mara nauyi don ranar gasa. Ko a 1/32 ina ba ka shawarar haka. Ka nemi bodi na biyu mai araha ka koyi titin da shi.

Abu na ƙarshe da zan taɓo ya shafi gudun da motar ke fita da shi daga tsaga. Ƙarfin duka yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: ka ninka gudu sau biyu, dukan ya ninku sau huɗu. Motar da ke da maganaɗisu a ƙasa tana manne wa ƙarfen titi, tana shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin tayoyinta, kuma ba ta gargaɗi. Lokacin da ta saki, kamar harsashi take fita. Wadda ba ta da maganaɗisu tana fara jan baya a hankali, ka gani, ka sassauta kunamar na'urar sarrafa gudu da ke hannunka. Tunda a fita uku ka yi wannan asarar, ina zargin motarka da maganaɗisu take, ko wutar ta yi wa hannunka yawa a yanzu. Idan na'urar wutar kulob ɗinku ana iya rage ta, ka roƙa a sauke maka zuwa bolt 10 a lokacin gwaji, har ka san inda ake sakin kunama kafin kowace kwana. Ka kuma duba kwanar da ka fi fita: idan bangonta katako ne tsirara, ko motar tana iya tsallakewa ta faɗo ƙasa, ka yi wa shugabannin kulob magana a liƙa soso ko a ɗaga shingen. Faɗowa daga tebur zuwa siminti ta fi yawancin karon da ake yi a kan titi ɓarna.

Ka auna bodin a ma'aunin giram kafin ka fara aiki, ka rubuta, ka sake aunawa bayan ka gama. Idan ƙarin ya wuce giram biyu a motar 1/32, ka buɗe ka duba inda gam ya taru, ka kankare. Turken da ya tsage shi za ka fara yi wa riga a daren yau, ka bar shi ya kwana biyu kafin sukuru ya sake shigarsa.